Kafin ka yi wa mai tsohon Mate dariya

Duk wanda ya daɗe a Kwatano ya san ƙarar Mate ko da idonsa a rufe yake. Siririyar ƙara ce mai shiga kunne, sai kuma shuɗin hayaƙi ya biyo baya. Shekaru talatin da suka wuce ita ce ƙarar garin nan, tun daga Akpakpa har Godomey. Yau kuwa sai ka daɗe tsaye a bakin titi a Gbégamey, ko a gaban babban masallacin Zongo bayan la'asar, kafin ka ji ta sau ɗaya. In ka waiwaya, galibi dattijo za ka gani a kai, da babbar riga a naɗe, an ɗaure madubi da roba, samari suna tsokanarsa: "Baba, ai wannan sai gidan tarihi."

Ni dai a ganina dattijon nan ya fi masu yi masa dariya lissafi. Akwai inda yake kuskure, kuma zan faɗa. Amma abin da ya gane game da abin hawa shi ne abin da matasanmu suka fi buƙata a yanzu, da babura masu lantarki suka shigo gari ana ta kiran su su sa hannu a takarda.

Bari mu tuna yadda aka faro. Sana'ar zemijan da keke ta soma. A yankin Porto-Novo masu keke ne suke ɗauko mata masu sayar da akasa da kwandunansu daga ƙauye zuwa kasuwa, daga baya babur ya karɓi aikin. A shekarun 1980, da tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe a ƙarshen mulkin soja na Kérékou, gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata, albashi yana wata da watanni bai fito ba, sai malamin makaranta da mai digiri da manomin da ya baro ƙauye duk suka hau babur neman na cefane. Sunan sana'ar ma da harshen Fon ne, wato ɗauke ni da sauri. Baburan da suka ɗauki wannan nauyi su ne Mate na kamfanin Yamaha da Suzuki 100, mafi yawansu gwanjo ne da ake saukewa a tashar jiragen ruwa. Yamaha ya fara ƙera Mate a 1965, kuma a can Japan masu raba jarida da masu raba wasiƙa suna cikin manyan masu hawansa, mutanen da aikinsu tsaya-ka-tashi ne daga asuba. Shi ya sa da ya zo nan bai ji baƙunta ba.

Sirrin Mate yana cikin sauƙin injinsa. Inji ne mai bugu biyu, wanda bakanikai ke cewa deux-temps. Kayan cikinsa kaɗan ne: fistin, ringi, fulogi, kafireta. Yaron da ya yi shekara biyu a gareji zai kwance shi da safe ya mayar kafin azahar, a gindin bishiya, da sifana huɗu da tsumma. Kayan gyara kuwa ba a hannun mutum ɗaya suke ba. Akwai su a Dantokpa, akwai masu shigowa daga Najeriya ta Sèmè-Kraké da Igolo, akwai na 'yan kasuwar Nnewi da suka yi suna a kayan babur, sannan duk Mate ɗin da ya mutu gawarsa tana rayar da wasu uku. Saboda haka lokacin da Yamaha ya daina ƙera wannan samfurin a Japan a 2008, don dokar hayaƙi ta can ta yi tsauri, babu wanda ya ji a jikinsa a Zongo. Kamfani ya rufe babin, babura suka ci gaba da yawo.

A nan hikimar dattijon take. Abin hawansa bai dogara da rayuwar kamfani ba. Ya dogara ne da bakanike da ya sani, da mai shagon kayan gyara da ya sani, da kunnensa da ke gane ciwon injin tun kafin ya tsaya. In ka zauna da irin waɗannan dattawa a majalisar shayi ka tambaye su, amsar kusan ɗaya ce. Wani ya ce da ni: "Ɗana, da babur ɗin nan na biya kuɗin makarantar yara, da shi na aurar da biyu. Kuma ba wanda ke bi na ko dala a kansa. Kai naka fa?" Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke rufe bakin samari. Da yawa daga cikin masu sabon babur mai sheƙi ba nasu ba ne tukuna. Kullum sai sun kai wa mai shi kuɗin yini, ko an yi ruwa ko an yi zazzaɓi, har sai adadin ya cika, kuma kafin ya cika babur ɗin ya gama jigata. Wanda ya riƙe tsohon abu yana gyarawa, ba bashi a wuyansa, bai yi abin kunya ba. Addininmu ma bai yarda da almubazzaranci ba, kuma jefar da abin da ke aiki don kawai maƙwabci ya sayi sabo yana cikin almubazzaranci.

To amma Bahaushe ya ce sabo turken wawa. Ina ne riƙon amana ke komawa wauta? A wuri biyu nake gani.

Na farko shi ne lokacin da mutum ya ɗauke ƙaunarsa daga kan ƙarfen da ya gwada, ya ɗora ta a kan sunan da ke jikin ƙarfen. Wannan cuta ce da ta kama mu sosai. Iyayenmu da suka zo daga Kano da Katsina da Zariya sun tashi da Raleigh, wanda suke kira Rali. Keken ango ne, keken malami, har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano. Waɗanda suka zo daga Maraɗi da Damagaram da Dosso kuma Peugeot suka sani, keke da ƙaramin babur, sai Mobylette ta kamfanin Motobécane. Har gobe akwai mai cewa shi in ba tambarin zaki ba, ba ya saye. Sai dai a duba abin da ya faru da sunayen nan. Motobécane ya karye a 1981, aka sake masa suna MBK, daga baya ya koma hannun Yamaha. Sashen babura na Peugeot kuwa, kamfanin Mahindra na Indiya ya sayi kashi 51 cikin ɗari a 2015, ya ƙarasa sayen sauran a 2019, sannan a 2023 ragamarsa ta koma hannun wani kamfanin zuba jari na Jamus mai suna Mutares. Raleigh, da aka haifa a birnin Nottingham na Ingila tun shekarun 1880, ya daina ƙera keke a can a 2002, kuma a 2012 kamfanin Accell na ƙasar Holan ya saye shi. Haka labarin yake a kekunan hawan tudu da yaranmu ke kira VTT, waɗanda ke zuwa mana gwanjo cikin kwantena. Schwinn na Amurka, da ya yi kusan shekara ɗari yana tashe, ya karye a 1992, ya sake karyewa a 2001, masu sabon jari suka sayi sunan suka liƙa shi a kekuna masu araha da ake ƙerawa a Asiya ana sayarwa a manyan kantuna.

Wato suna haja ne. Ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da fili, kuma wanda ya saya ba dole ne ya gaji halin wanda ya sayar ba. Injiniyan da ya zana keken kakanka ya rasu, masana'antar ta zama gidaje, abin da ya rage shi ne tambari. In ka ƙara jaka goma ko ashirin a kan farashi saboda tambarin nan, kana biyan ladan aikin da wasu suka yi shekara hamsin da suka wuce ga mutanen da ba su yi shi ba. Masu jabun kaya sun fi kowa gane wannan rauni namu. Kwali mai tambarin Japan ba wuyar bugawa gare shi ba, kuma fistin ɗin da ke ciki ba ya karanta abin da aka rubuta a kwali. Mu mutanen garin nan bai kamata a yaudare mu da suna ba. A Kano in aka ce mota 'yar Kwatano ce, ana nufin gwanjo ce mai sauran ƙarfi, alhali ba a Kwatano aka ƙera ta ba. Sunan garinmu da kansa ya zama tambari a kasuwa, kuma mun san abin da ke ƙarƙashinsa wani lokaci zinariya ne, wani lokaci gwangwani.

Yana da kyau a tuna yadda tsofaffin sunayen suka faɗi a nan yankin. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100. Dare ɗaya duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, talaka ya koma gwanjo. Da aka shiga shekarun 2000 sai baburan Sin suka kwararo da farashin da ba wanda zai iya gasa da shi, har masana'antar SIFA ta Bobo-Dioulasso, da ta daɗe tana haɗa kekuna da baburan Peugeot, ta kasa tsayawa. Sannan Bajaj Boxer na Indiya ya zo ya mamaye sana'ar zem. Da me ya ci? Lokacin da ya iso ba wanda ya san sunansa. Ya ci ne da ƙarancin shan mai, da doguwar kujera mai ɗaukar mace da buhunta, da kayan gyara a kowane lungu. Masu rigar ɗorawa ba su tsaya kukan rabuwa ba. Sun auna abin da ke saura a aljihu da daddare, suka sauya. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, kuma ba wanda zai ce sun ci amanar kowa.

Wuri na biyu da sabo ke zama laifi ya fi na farko nauyi, domin shi wani ne ke biya. Inji mai bugu biyu yana ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma wani kaso na fetur ɗin yana fita ta salansa bai ƙone ba. Ƙara da cewa yawancinmu kpayo muke sha a kwalba a bakin hanya, inda ake zuba baƙin mai da ido, sau da yawa fiye da ƙima. Waɗanda suka san Kwatano ta ƙarshen shekarun 1990 suna tuna yadda hayaƙi ke rufe Étoile Rouge da hanyar Dantokpa da yamma, ido yana yaji, farar riga ta koma toka. Wannan ne ya sa gwamnati ta sauƙaƙa kuɗin fito a kan babura masu bugu huɗu don a rabu da masu hayaƙi. Mai babur yana gaba, hayaƙinsa yana baya. Mai shaƙa ita ce matar da ke soya ƙosai a bakin titi da goyo a bayanta, da almajirin da ke tsallaka hanya, da ɗan dako. Haƙƙin maƙwabci a Musulunci ba a ƙofar gida ya tsaya ba. Don haka ina bambanta mutum biyu. Dattijon da ke hawa Mate daga gida zuwa shago zuwa masallaci, in ya gyara kafireta ya daina cika baƙin mai, a bar shi da abinsa, a kuma girmama shi. Amma wanda zai yi awa goma sha biyu yana kabu-kabu da injin da ke tuƙa hayaƙi, wannan ba amana yake riƙewa ba, cutar da jama'a yake yi. Aljihunsa ma ba ya tsira, musamman tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a Najeriya, kpayo ya yi tashin da duk mai babur a ƙasar nan ya ji a jikinsa.

Wannan tsadar mai ita ta buɗe wa babura masu lantarki ƙofa. Tun 2022 kamfanin da a da ake kira M Auto, yanzu Spiro, ya fara aiki a Benin da Togo, kuma duk mai yawo a gari yana ganin baburansa da wuraren canjin batir. Tsarin a fili yake: in cajinka ya ƙare ba ka zama jira, sai ka miƙa batir ɗin da ya ƙare a ba ka cikakke, ka biya ka wuce. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba canjin baƙin mai. Ni ina maraba da shi, kuma ina fatan ya ɗore, don huhun 'ya'yanmu ya huta.

Amma a nan ne nake so matasa su ari kunnen dattijon mai Mate. Tambayar da rayuwarsa ta amsa ita ce: in kamfani ya tafi, me zai rage a hannuna? Shi abin da ya rage masa babur ne mai tafiya. A tsarin canjin batir kuwa, batir ɗin, wanda shi ne ran babur kuma mafi tsadar abin da ke jikinsa, na kamfani ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da wurin canji ya rufe, ko ya yi nisa, ko farashin canji ya tashi, ba Dantokpa da za ka je, ba gawar wani babur da za ka ciro wa naka. Ba ina cewa wani kamfani na nan zai karye ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina cewa manya sun karye a gabanmu, kuma an ga yadda irin wannan tsari ke ƙarewa a wasu ƙasashe. A Isra'ila an yi kamfanin Better Place, mai canza wa motoci batir, wanda ya tara jari mai yawan gaske ya rushe a 2013, masu motocin suka rasa wuraren canjin da aka yi musu alkawari. A Holan kamfanin VanMoof, mai ƙera kekunan lantarki masu tsada, ya karye a 2023. Da yake kayan jikin kekunan nasa ne shi kaɗai, kuma wasu ayyukan keken ta manhajar waya ake yin su, sai masu su suka wayi gari da kekunan da mai gyaran unguwa ba ya iya taɓawa, sai da wani kamfani ya zo ya sayi abin da ya saura. Raleigh da ya mutu a Kano bai hana kowa hawa Rali ba. Wannan sabon zamanin kuwa ana iya ƙera abu yadda mutuwar kamfani za ta zama mutuwarsa.

Saboda haka duk wanda zai sa hannu a takardar babur, na lantarki ne ko na fetur da ake biya kaɗan-kaɗan, kada ya yi cinikin biri a sama. Takardun da Faransanci suke, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya tafi da ɗansa ko ƙanensa da ya yi boko ya karanta masa layi-layi. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna karantar da cewa cinikin da ba a san iyakar abin da aka saya ba, ko iyakar abin da za a biya, ciniki ne mai garari. A tambaya a ji: ranar da na gama biya, mene ne nawa, babur da batir ko babur kawai? Wa ke da ikon ƙara kuɗin canjin batir, kuma sau nawa? In na yi rashin lafiya na kwana goma ban biya ba, za a iya kashe babur ɗin daga nesa ko a ƙwace shi, kuma kuɗin da na riga na zuba fa? In ya lalace, bakanike na unguwa yana da izinin buɗewa, kuma ana sayar masa da kayan gyara? Kamfanin da ke da gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Tambaya ta ƙarshen nan ta wuce mai babur shi kaɗai. Ku leƙa garejojin da ke Zongo da Gbégamey da Jonquet ku ƙirga yaranmu da ke koyon gyara. Mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, kaɗan ne daga cikinmu ke aikin gwamnati, abincinmu yana kasuwa da sana'ar hannu. In babura suka koma akwatin da kamfani kaɗai ke da mabuɗinsa, yaron da ya yi shekara biyar yana wanke kafireta zai wayi gari da sana'ar da ba mai nema. Wannan aiki ne na shugabannin unguwa da limamai da ƙungiyoyin 'yan zem. Su nemi kamfanonin su ɗauki yaran garejojinmu su koya musu gyaran lantarki, su kuma buɗe sayar da kayan gyara ga kowa. Su nemi gwamnati ta duba yiwuwar batir mai ma'auni ɗaya, wanda zai shiga babur ɗin kowane kamfani, don kada mu maimaita wahalar tulun gas, inda na wannan kamfani ba ya musanyuwa a wancan. Abu ne mai yiwuwa in hukuma ta so. Tarayyar Turai ta tilasta wa masu ƙera waya, har da Apple, su koma bakin caja iri ɗaya daga ƙarshen 2024, kuma sun bi.

Amana abu ce mai tsada, bai kamata a zubar da ita a kan tambarin da ba ya san ka ba. A ba da ita ga bakaniken da ya ce maka gyaran jaka biyu ne alhali da ya ce biyar za ka biya. A ba da ita ga mai shagon da ya ajiye kwali biyu a gabanka ya ce wannan na gaske ne, wannan jabu ne, zaɓi daidai aljihunka. Irin waɗannan mutane su suka riƙe Mate da rai shekaru bayan masu shi sun manta da shi, kuma su za su riƙe duk abin da zai zo bayan Bajaj, in an bar musu hanya. Allah Ya tsare mahaya da fasinjojinsu, Ya sa albarka a nema.